Kafin Ki Kunna Kaset ɗin Baba

Ƙanƙara,
Ranar Laraba, bayan azahar.

Assalamu alaikum, Ummina.

Idan kina karanta wannan takarda, to kin sauka Zariya kin buɗe jakar kwamfutar, alhamdu lillahi. Amma ni a yanzu da nake rubutu kina gida kina ɗaure kaya, don haka addu'ar hanya zan fara yi. Allah Ya tsare ki a hanyar Sheme, Ya kau da idon mugaye daga motar da za ki shiga, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoron Allah. Mamanki ta riga ta yi miki faɗa kan salla da ƙawaye da kama kai, kuma ta fi ni iyawa, ba zan maimaita ba. Nawa guda ɗaya ne, na kuma kasa faɗa miki shi baki da baki. Jiya na yi ta kewaya ki kamar mai neman aron abu, har kika ce, "Abba, lafiya?" na ce lafiya lau. Kin san ni, sai da biro a hannu maganata ke fita daidai.

A aljihun jakar mai zif akwai wani abu naɗe cikin tsohon ɗankwalin kakarki, Inna. Kaset ne. Shi kaɗai ya rage da muryar kakanki, Baba, a ciki. So nake ki kai shi wurin Malam Idi mai gyaran rediyo, wanda ya tashi daga kasuwar Yankara ya koma Zariya, ki kwashe muryar zuwa cikin kwamfuta ki aiko mana, Inna ta ji. Na sa miki lambarsa a wayarki. Tsohon kaset irin wannan yakan yarda a kunna shi sau ɗaya, a na biyu ya tsinke. Shi ya sa nake so ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki taɓa komai.

Ke ba ki riski zamanin kaset na saƙo ba. Lokacin ina firamare a ƙauyenmu na ƙasar Sabuwa, ƙanen Baba, Baffa Ilu, yana Legas yana sana'ar albasa. Baba bai yi boko ba, kuma ya ce ajami ba ya ɗaukar dariya. To in ya kai awaki kasuwar Yankara sai ya dawo da sabon kaset da batura, a aro rakoda wurin mai shago. Ranar ɗauka sai ya yi wanka, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya shafa turare, ya zauna gaban rakoda a tsakar gida.

Inna ta ce, "Malam, wai rakodar na da hanci ne?"

Ya ce, "Ilu na da shi."

Maƙwabta su shigo, kowa ya durƙusa gaban akwatin ya yi gaisuwarsa, a faɗi wanda ya haihu, wanda ya rasu, yadda dawa ta yi bana. Sai a ba direban motar albasa ya kai. Baffa ya tara kaset da yawa, amma danshin Legas ya cinye su. Da ya dawo gida gaba ɗaya, bayan rasuwar Baba, guda biyu kawai ya miƙo mini. Ya ce, "Kai ne mai kwamfuta, ka san yadda za ka yi da su." Ɗaya ne yanzu a jakarki. Labarin ɗayan kin sha jin gefensa a gida, amma ba ki san yadda hannuna ya yi ba, kuma nan ne darasin yake.

Bari in faro daga Faskari. Da na gama sakandare na kama aiki a shagon buga takardu na Alhaji Sada. Kwamfutarsa kullum cikin ciwo take saboda filashin mutane, sai wani ɗan'uwansa da ke jami'a ya zo hutu ya sa mana wani tsarin kwamfuta da ake kira Linux, ya nuna mini abu kaɗan, ya koma makaranta. Manhajar da muke zana katin biki da ita ba ta da tambari a allo. Sai an buɗe taminal, baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, a rubuta sunanta, sannan ta fito. Ina son wannan shagon har yau. Warin tawada, fanka mai ƙara, Alhaji a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa yana tare duk wanda ya wuce da tsokana.

Kin san halina na son tsari. Ba na iya ganin biro ba murfi, ba na iya ganin taga a allo wadda ba na aiki da ita. Wata rana na ɓata safiya ina zana katin ɗaurin aure, ango na tsaye a kaina yana gyara sunayen abokansa. Na hango baƙar tagar a baya, ba ta yin komai, sai na danna gicciyen da ke kusurwarta don allon ya yi kyau. Kati ya ɓace. Ba tambaya, ba "ko za ka adana?" Ango ya riƙe baki. Alhaji ya leƙo ya ce, "Lawal, kai ko tabarma ka gani da mutum a kanta sai ka naɗe."

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, duk manhajar da aka kira daga baƙar taga tana rataye da ita. In aka rufe tagar, sai a aika wa duk abin da aka buɗe ta cikinta saƙon cewa layi ya yanke, su kuma su mutu nan take. Taga da ta yi shiru ba yana nufin ba ta riƙe da komai ba ne. Shawarata ta farko ke nan: kafin ki rufe kowace taga, ki tsaya ki tambayi kanki me kika buɗe ta cikinta.

Kuskurena na biyu ya fi wannan daɗewa, domin na ɗauka na warke. Na koyi cewa in ka sa alamar & a bayan sunan manhaja, sai ta koma gefe tana aiki, baƙar tagar ta dawo maka da wurin rubutu. Na yi murna ƙwarai. Na gwada, na rubuta exit, taga ta tafi, manhaja na nan daram. Na ce shi ke nan, an raba su. Amma wata rana in rufe manhaja ta tsaya, wata rana in rufe ta mutu. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran yau da kullum na wancan lokacin, na ga na ɗora laifin a kan zafi, na ɗora a kan janareta, har na rubuta cewa wataƙila injin na da ranakun da ba ya son mutane. Ban lura cewa hannuna ne ke canzawa ba. Ranar da na rubuta exit, sai a bar manhajar ta ci gaba. Ranar da na danna gicciye, sai saƙon yankewa ya same ta, domin alamar & gefe kawai ta matsar da ita, ba ta kwance igiyar ba. Ban taɓa gwada hanyoyin biyu a jere in gani ba. Da na yi, da rabin sa'a ta ishe ni ganewa. In abu yana yi miki yau ya ƙi gobe, Ummi, kada ki ce halinsa ne. Ki duba abin da ke kika yi daban.

Da wannan rabin ilimin na buɗe shagona a Ƙanƙara, da shi kuma na tari kaset na farko. Kina 'yar firamare lokacin. Inna tana ƙauye, hanya lafiya lau, mutum ya taso da hantsi ya iso ba faɗuwar gaba. Na aika mata cewa ta zo ta ji Baba. Ta zo da ƙullin daddawa da kuka, ta zauna a bencin masu jiran hoto, ta ƙi ko shan ruwa sai an fara. Na aro rakoda wurin wani mai shayi. Na buɗe manhajar ɗaukar sauti daga baƙar taga, na sa & a bayanta, na jona waya daga ramin abin kunne na rakodar zuwa kwamfuta. Kin san in aka cusa waya a ramin nan, lasifika sai ta yi shiru. Kaset na juyawa, ba a jin komai, sai zane yana hawa yana sauka a allo.

Inna ta ce, "Ina maganar?"

Na ce, "Tana shiga kwamfuta, Inna. In ta gama shiga za ki ji ta fes, ta fi ta rakoda."

"To wanga zane mai tsalle fa, mi ne ne?"

"Muryarshi ce."

Ta matso ta ƙura ido. Can ta yi dariya ta ce, "Lalle shi ne. Ka ga ko numfashi bai tsayawa yi."

Mun kusa ƙarshen gefen farko sai na ga baƙar tagar tana leƙowa ta bayan zanen, wasu rubuce-rubucen gargaɗi na ta zubowa a cikinta. Ba su da wata illa, manhajoji sun saba yin wannan surutun. Amma sun tsaya mini a ido. Na ce a raina ai na sa &, sai na danna gicciye. Zane ya ɓace. Na nemi abin da aka ɗauka sama da ƙasa ban samu ba. Daga baya na ji wasu manhajojin kan ajiye guntun aiki in sun mutu ba shiri. Ko tawa ta lokacin ba ta yi, ko ni ne ban iya nema ba, har yau ban sani ba.

Na ce wa Inna ƙaramin abu ne, a sake. Na mayar da kaset baya, na kunna. Rakodar mai shayi ta yi wata ƙara, ta tauna zaren. Na zaro shi da biro a hankali, na yi ƙoƙarin liƙa shi da jan farcen mamanki, amma zaren ya bushe, ina kama nan yana tsinkewa can. Inna na kallona. Da ta ga zufa ta jiƙa mini riga sai ta ce, "Bari hakanan, Lawal. La'asar ta yi." Washegari ta hau mota ta koma. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba, kuma ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Abin da ya fi damuna ba gicciyen ba ne. Muryar ta wuce ta cikin ɗakin daga farko har kusan ƙarshe, matarsa na zaune, amma na toshe lasifika don ina son ta ji mai kyau daga baya. Don haka ki roƙi Malam Idi ya jona yadda sauti zai riƙa fita a fili yana kuma shiga kwamfuta a lokaci guda, ya san yadda ake yi. Ki ajiye wayarki kusa da lasifikar ita ma tana ɗauka. Ko kwamfuta ta ci amana, wayar ta samu. Ko wayar ta ci amana, kunnenki ya ji, ki zo ki ba Inna labari.

Bayan wannan ne na zauna na koyi abin da ya kamata in koya tun a Faskari. Zan faɗa miki yadda na fahimta, in na yi kuskure a wani wuri malamanki su gyara.

Na fara da nohup. In ka rubuta shi gaban sunan manhaja, ka sa & a baya, sai ta toshe kunne ga saƙon yankewa. Yana aiki, amma duk surutun manhajar sai ya zuba shi a wani fayil mai suna nohup.out a duk foldar da kake tsaye. Na wayi gari kowace folda da nata, har cikin hotunan bikin mutane. Kuma na karanta cewa wasu manhajojin kan buɗe kunnensu da kansu bayan sun tashi, don haka ban sake jiki da shi ba.

Sai disown. Wannan na wanda ya riga ya buɗe manhaja da & ne sannan ya tuna. Ya rubuta disown, sai tagar ta cire manhajar daga cikin abin da take lura da shi. Da na san kalmar nan ranar da Inna ke kan benci, da yanzu wani labari nake ba ki. In kuma kin buɗe manhaja ba & ko kaɗan, za ki ji ana cewa a danna Ctrl da Z, a rubuta bg, sannan disown. Gaskiya ne, amma Ctrl da Z dakatar da manhajar yake yi, kaset kuwa ba ya jira. Duk abin da Baba ya faɗa a wannan tsakanin ya tafi. In kin tsinci kanki a haka ana cikin ɗauka, ki ɗauke hannunki, ki bar baƙar tagar yadda take har a gama.

Wanda na tsaya a kansa shi ne wannan, kuma da shi nake so ki buɗe manhajar ɗaukar sauti, tunda ita ma ba ta da tambari a wannan tsohuwar kwamfutar:

setsid -f sunan-manhajar > /dev/null 2>&1

Kashin farko yana tayar da manhajar a zaman kanta tun daga farko, babu igiya tsakaninta da tagar. Abin da ya biyo bayan sunan kuma yana zubar da surutun gargaɗin nan, don kada ya fito ya tsaya wa kowa a ido. Ki lura da tazarar da ke tsakanin kalmomin, ki kwafa yadda na rubuta.

Amma kada ki yarda da ni. Ki gwada. Ki karɓi wani kaset da ba a damu da shi ba wurin Malam Idi, ki fara ɗauka, ki danna gicciyen baƙar tagar da gangan, ki ga ko zanen ya ci gaba. Ki adana, ki saurara, ki tabbata sauti ya shiga. Sai kin ga haka da idonki sannan ki kwance ɗankwalin Inna. Kuma ki sani wannan umarnin daga rufe taga kawai yake kare ki. Ba ya hana batir mutuwa, batirin kwamfutar nan kuwa ya tsufa, ki tabbata akwai wuta ko sola. Ba ya hana ta barci in kin rufe murfinta. In kin fita daga asusunki na kwamfutar ma manhajar za ta tafi. Da an gama gefe ɗaya ki adana, ki kwafa a filashi, sannan a juya kaset.

Wataƙila kina cewa, to Abba tunda ya san duk wannan, me ya hana shi yi da kansa? Wannan ne kuskurena na uku, kuma shi ba a allo na yi shi ba. Na sa kaset na biyu a gwangwani na rufe, na ce sai na samu rakoda mai kyau. In na samu rakoda in ce sai na ƙara gwaji. In na yi gwaji in ce bari damina ta wuce. Ina ganin kamar ina tsare shi ne. Ana haka 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, Inna ta dawo wurinmu da abin da ta iya ɗauka a ka. Waɗanda suka leƙa sun ce tsakar gidan da Baba ke zama gaban rakoda ciyawa ta kai ƙugu. Masu rakoda a Ƙanƙara da Faskari duk sun zubar da su. Ga shi yanzu sai an zauna ta gefen dama Inna ke jin magana, kunnen hagun ya tafi. Ina ta tsoron kada kaset ya lalace a hannuna, ban lura kunnen da zai saurare shi ma tsufa yake yi ba. Kada ki yi irin tawa. Kada ki ce sai an yi hutu, ko sai kin saba da gari. Asabar ta farko da kika samu, ki je.

Kuma gaskiya hannunki ya fi nawa dacewa da aikin nan. Na sha tsayawa a bayanki a shago ina kallon yadda kike barin tagogi barkatai a allo har raina ya ɓaci, amma ban taɓa ganin aiki ya ɓace miki ba. Ni ko yanzu in na tuna wancan kaset ɗin ba na yarda da hannuna.

In kuma kin yi duk abin da na ce, zaren ya tsinke duk da haka, kada ki ɓoye mini, kada ki ƙi cin abinci. Ki kira ni kawai. Babu wanda zai fi ni sanin yadda ake ji.

Yau da safe na shiga ɗakin Inna neman izini, domin kaset ɗin nata ne kafin ya zama nawa. Na zauna ta damanta na ce Ummi za ta tafi da shi Zariya.

Ta ce, "Takwarata? Gara ita. Kai in aka bar maka sai an binne mu tare da shi."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Can ta ce, "To ta ina za ta gane shi? Ɗiyar nan ba ta taɓa jin muryarshi ba, ga maza da yawa a ciki."

Ban taɓa tunanin wannan ba, Ummi. Duk shirin da na yi, ban tuna ba.

Ta ce, "Ka ce mata, wanda duk ya yi gyaran murya ya ce 'To, jama'a', alhali mutum ɗaya yake wa magana, shi ne." Na tashi zan fita sai ta kira ni. Ta ce, "Na ji kuna cewa injin naku na share hayaniya. In ta ji wata mace daga baya tana ce mashi ya taƙaita batir zai ƙare, shi kuma yana cewa a ƙyale shi, ni ce. Ka ce kada ta share wannan."

To kin ji. Ki aiko shi yadda yake, da kukan kaji da komai.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki dare da rana, Ya ba ki ilimi mai amfani da malamai masu haƙuri. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Ki kira mamanki da zarar kin sauka, kin san ba za ta zauna ba sai ta ji muryarki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawal.